Rabin Aya Da Rufin Gidan Fasto

Zaren alamar da ke cikin Littafin Fasto ja ne, bakinsa duk ya tsittsinke. Matarsa ta lura da shi da safiyar wata Talata tana goge teburin karatunsa. Ta ɗaga Littafin don ta share ƙarƙashinsa, sai ya buɗe da kansa a inda zaren yake kwance. Ba karatu ta zo yi ba. Idonta ne kawai ya faɗa kan layin fensir, inda Fasto ya tsaya ranar Lahadi, ya ɗan gangara ƙasa, ya sauka a kan wata aya. Ta karanta, ta sake karantawa, sannan ta jawo kujera ta zauna da tsumman a hannunta.

Ayar gajeriya ce mai rabi biyu. Rabin farko yana maganar ɗigon ruwa daga rufi a ranar da sama ta ƙi ɗaukewa. Rabi na biyu ya ce shi da mace mai mita duk ɗaya ne.

A wani cocin wannan ba zai hana mace cin abinci ba, domin mai wa'azi ne yake zaɓen abin da zai faɗa. Mijinta kuwa ba ya zaɓe. Tun ranar da aka kawo shi wannan ikilisiya ya sanar cewa shi bi da bi yake yi. Yakan ɗauki littafi guda daga cikin Maganar Allah, ya fara daga ayar farko, ya bi shi har ƙarshe, ba tsallake, ba waiwaye. In ya hau mimbari sai ya karanta rabon ranar, inda zai tsaya kuma ya cire tabarau ya ajiye. Da an ga tabarau ya sauka, kowa ya san iyakar tafiyar yau ke nan. Wata rana ayoyi ne 'yan kaɗan, wata rana guda ce tal. Matasa suka laƙaba masa Sannu-ba-ta-hana-zuwa a bayan idonsa, tsofaffi kuma su ƙarasa musu a hankali: sai dai a daɗe ba a je ba.

Mama, kamar yadda kowa a cocin yake kiran matar Fasto, tana cikin masu kare wannan hanya. Ta sha jin labarin wanda ya riga mijinta, mutumin da yake zaɓen aya kamar yaro mai zaɓen dutsen jifa. Ka ɓata masa rai ranar Alhamis, Lahadi ka ji kanka a mimbari, sunanka ne kawai babu. Da mijinta ba a wannan. Ranar da aka iso ayar ma'aunin algus, mai shagon bakin titi ya yi ta share gumi, amma bai iya cewa da shi ake ba, tunda kowa ya hango ayar tana tahowa tun daga nesa kamar motar haya. Kuma mutane sun san Littafinsu. Har tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta faɗa maka abin da ke gaban aya da abin da ke bayanta.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Akwai Lahadin da wata gwauruwa ta zo kai tsaye daga asibiti, ɗanta na kwance, idanunta jawur, tana neman kalma ɗaya da za ta jingina da ita. Rabon ranar ya faɗa kan tururuwa da malalaci. Fasto ya yi bayanin tururuwa mai kyau ƙwarai. Mama ce ta ja matar zuwa kicin bayan sujada, ta dafa mata shayi, ta zauna da ita har ta yi kukanta ta gama. Da suka kaɗaice ta ce masa, “Yau ka ciyar da tururuwa, ka bar mutum da yunwa.” Bai musa ba. Ya sa takalmi ya tafi asibiti ya yini a can. Amma zaren nan bai matsa daga inda yake ba.

Abin da ya zaunar da Mama a kujera da safiyar nan shi ne rufin gidansu. Gidan fasto yana jingine da coci, taga na kallon taga, kuma rufinsa yana yoyo. Tun daminar bara Kafinta, wanda shi ne dattijon da ke kula da gine-ginen ikilisiya, ya zo da tef ɗin awo, ya hau, ya sauko, ya kakkaɓe hannu ya ce abu ne mai sauƙi. Daga nan ba a sake ganin tsaninsa ba. Fasto kuwa kunya ba ta barinsa ya tuna wa mutum alkawari. Gidan ya cika da baho da bokiti da tukwane, kowanne da wurin zamansa, har Mama ta san muryar kowannensu.

To ranar Asabar da ta wuce ruwan ya samo sabuwar hanya, daidai saman teburin da ta ajiye takardun jarrabawar ɗalibanta, don ita malamar lissafi ce. Ta dawo daga kasuwa ta tarar da amsoshin yara sun narke sun zama shuɗin ruwa. Abin da ta faɗa da yawa ne, amma wanda ya fi fita shi ne: “Mutum ya san abin da mutanen da suka mutu tun zamanin annabawa suke rufe gidajensu da shi, amma bai san nasa yana zuba a kan matarsa ba.” Ta ƙara da wasu, ta maimaita wasu. Sai da ta tsaya jan numfashi ta gane cewa mawaƙan da ke gwaji a coci sun daɗe da yin shiru. A bakin tagar kuma, riƙe da takardar waƙa a juye, ga matar Kafinta, wadda ake kira Rediyo.

Ranar Laraba suka haɗu a bakin famfo.

“Mama, ina kwana? Ya gajiyar ruwa?” in ji Rediyo.

“Lafiya lau. Ya maigidan?”

“Yana nan, aiki ya yi masa yawa. Mama, ni yanzu wata sabuwar ɗabi'a na koya. Nakan riga Fasto karatu, in leƙa gaba kaɗan, don in shirya zuciyata. Kin ga inda muka kusa kaiwa kuwa?”

“Ban duba ba.”

“Ki duba, Mama. Akwai albarka a gaba. Har ƙanwata na ce ta zo, ita da ba ta cika zuwa ba.”

Mama ta ɗauki bokitinta bai cika ba ta koma gida. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ta riga ta ga yadda za a yi: ita a bencin gaba inda matar fasto take zama, mijinta a sama yana warware mace mai mita kalma kalma yadda ya warware tururuwa, coci kuma cike da mutanen da suka ji muryarta ta taga.

Da suka zauna cin abinci ta zuba masa, ta tura masa ruwa kusa, ta bari ya kai loma ta uku.

“Baban yara.”

“Na'am.”

“A cikin dukan shekarun nan, ba ka taɓa tsallake aya ko ɗaya ba?”

“Ban taɓa ba.”

“Ko da kuskure?”

Ya ajiye cokali ya dube ta ta saman tabarau. Ta gane ya sani. Ashe shi ma ya leƙa gaba.

“Maman yara, in na tsallake ta, kowa zai san dalili. Mai shago ya zauna ya sha tasa. Ni ma na sha tawa ranar da muka zo kan mai yawan alkawari. In na ɗauke wadda ta zo ƙofar gidana, da wane baki zan karanta ta ƙofar wani?”

“Ba cewa na yi ka ɗauke ta ba. Ka haɗa ta da ta gaba da ta baya, ka wuce da gudu. Mutane suna yi.”

“Ni ban iya gudu ba.”

“Wannan kam an shaida. Ga rufi nan ma zai ba da shaida.”

“Rufin ma za a zo kansa. Komai bi da bi ne.”

“Shi ma aya ne? A sura ta nawa yake, in sa zare?”

Ta ji muryarta ta fara hawa, ta dubi taga, ta haɗiye sauran. Daga bayanta baho ya ce ɗis.

Da ta ga ba za a tsallake ba, sai ta nemi jinkiri. Akwai wani mai wa'azi da ke zagaya ikilisiyoyi, wanda dattawa suka daɗe suna so a gayyata. Ita ta tuna musu da shi, ita ta ce za ta dafa masa abinci. Ta yi lissafin cewa in aka sami Lahadi guda ba tare da Littafin mijinta ba, wataƙila mutane su manta, ko wani sabon zance ya taso ya rufe nata.

Baƙon ya zo da farar kwat da hankici babba. Bai tsaya a mimbari ba ko na minti ɗaya. Ya ɗauko aya daga farkon Littafi, kafin a buɗe wurin ya yi tsalle zuwa ƙarshe, ya dawo tsakiya, ya bar mutane suna ta kaɗa shafi kamar masu fifita. Gaskiya coci ya motsa. Masu gyangyaɗi suka farka, gwauruwar nan ta yi kuka irin mai sauƙaƙa ƙirji, Mama da kanta ta ji wani abu ya taɓa ta. Sai can wajen ƙarshe ya tsaya cak, ya rufe ido, ya ce an nuna masa wani gida a nan kusa. Gida ne na bawan Allah mai haƙuri, amma akwai murya a cikinsa mai kama da janareto, wadda in ta tashi har waƙar yabo takan tsaya. Bai ambaci suna ba, bai kuma ce ga ayar da ya samo wannan ba. Mama ta tuna cewa da safe, kafin sujada, ta hangi Rediyo tana riƙe masa jaka daga bakin ƙofa.

Da ya zo cin abinci ya ci shinkafarta faranti biyu, ya ce hannunta akwai albarka.

Da yamma ta leƙa Littafin. Zaren yana nan inda yake, ayar tana jiranta, ba ta rage ko wasali ba. Abin da ta samu kawai shi ne an yi mata duka biyu maimakon ɗaya.

“Gara naka,” ta ce wa Fasto tana ninke kaya. “Kai aƙalla mutum yana ganin sandar kafin ta sauka.”

“Na gode,” in ji shi, ko da yake bai tabbata yabo ne ba.

Ranar Asabar aka wuni ana ruwa. Fasto yana teburinsa da manyan littattafan bayani a buɗe, ya ɗage ƙafafunsa a kan sandar kujera saboda ƙasa ta jiƙe. Mama ta yi wa kanta alkawarin ba za ta ce uffan ba, ko da rufin zai faɗo. Tana shiga tana fita, ta zubar da wannan bokiti, ta matsar da wancan baho. Sau ɗaya ta ga ya daina rubutu yana bin ta da ido. Ta zo ta ɗaga gwiwar hannunsa ba tare da magana ba, ta sa ƙaramar roba a inda wani sabon ɗigo ya fara, ta mayar masa da hannun. Ya daɗe yana kallon robar. Can ya ja layi a kan abin da ya rubuta, ya juya sabon shafi.

Lahadi coci ya cika har da tsayuwa, duk da hadarin da ya haɗu. Ƙanwar Rediyo ta zo, da wata maƙwabciyarsu. Mama ta sa kayanta mafi kyau, ta ce in dai za a yanka ta gara a same ta da kwalliya. Ta zauna a bencin gaba, bayanta a miƙe, tana jin idanu a ƙeyarta kamar zafin rana.

Fasto ya hau. Ya buɗe a kan zaren. Aka ji shafuka suna buɗewa ko'ina, har da na waɗanda ba su saba zuwa da Littafi ba. A daidai nan ruwa ya sauko a kan kwanon cocin.

Ya karanta rabin farko, maganar ɗigon da ba ya tsayawa. Sai ya kai hannu ya cire tabarau, ya ajiye a kan mimbari.

Wani ƙaramin motsi ya bi cikin benci. Daga wajen mawaƙa aka ji Rediyo ta ce, “Ai bai ƙarasa ba,” da muryar da ta ɗauka raɗa ce.

“'Yan'uwa,” in ji Fasto, “ba ni na zaɓi wannan aya ba, ita ta iske ni. Tana da rabi biyu, kuma marubucin bai sa na farko a farko don ado ba. Ba za mu gane abin da aka kwatanta ba sai mun gane abin da aka kwatanta shi da shi. Yau za mu tsaya a kan ɗigo.”

Ya kuwa tsaya. Ya yi bayanin irin rufin mutanen wancan zamani, yadda ake shimfiɗa itace a daɓe ƙasa a kai, da yadda maigida yakan hau kafin damina ya toshe tsaga. Ya ce ɗigo ba ya fara kansa, ruwa ba ya tsami banza, duk inda ka ji ɗis akwai rami a sama, duk inda akwai rami kuma akwai wanda ya gan shi tun yana ƙarami ya ce gobe. Ya yi maganar yadda ɗigo yake hana barci, yadda yake ruɓar da katako a ɓoye, yadda yake sauya wuri in an tare shi a nan. Ya ce wanda ke zaune yana karatu ba shi ne ya san nauyin bokiti ba. A nan ya dubi tabarau ɗinsa.

“Ni ina da rufi irin wannan,” ya ce. “Na daɗe ina jin sa, ina cewa ba a zo kansa ba. Jiya na gane an daɗe da zuwa.”

Bai dubi kowa ba. Ya ci gaba zuwa bambancin ɗigon da iska ke korowa da wanda ƙusa mai tsatsa ke jawowa, abin da ya ɗauke shi lokaci mai tsawo, har wani tsoho a baya ya fara minshari. Amma Mama ta ji zafin nan na ƙeyarta yana raguwa. Ta ɗan karkata kai kamar mai gyara ɗankwali. Idanun sun tashi daga kanta. Ɗaya bayan ɗaya sun koma bencin dattawa, inda Kafinta yake zaune yana nazarin faratansa kamar yau ya fara ganinsu. Duk wanda ke cocin ya ga ranar da ya hau da tef ɗin awo. Rediyo ta buɗe takardar waƙa ta kare fuska. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Mama ta kasa gane ko da gangan mijinta ya yi, ko kuwa sannunsa ce kawai yau ta faɗo daidai. Ta dube shi da kyau. Fuskarsa irin ta kullum ce, ta mutumin da zai iya shekara a kan tururuwa.

“In Allah ya kai mu mako mai zuwa,” in ji shi yana mayar da zaren, “za mu shiga rabi na biyu. Ba za mu tsallake shi ba. Akwai magana a cikinsa, kuma za mu faɗe ta yadda take.”

Wato dai tana nan tafe. Mama ta ce a ranta, to, a zo. Ta san akwai nata a ciki, ba ta taɓa cewa babu ba. In dai za ta fito daga busasshen ɗaki ta zo ta ji, za ta zauna a bencin nan ta sha tata kamar yadda mai shago ya sha tasa.

Aka tashi don waƙar rufewa. Ruwan ya fara tsagaitawa, ana jin sauransa yana gangara ta indararo. Ana cikin baiti na biyu Kafinta ya rufe littafin waƙarsa, ya ajiye a kan benci, ya sunkuya ya ɗauki lemarsa. Ya bi ta gefen bango a hankali, ya wuce matarsa bai dube ta ba, ya tura ƙaramar ƙofar da ke fuskantar ɗakin ajiyar tsani, ya fita.